Mabuɗin da Ya Bi Shanu Arewa

Rabi ta sauka lafiya, Salisu, namiji ne! Jiya da hantsi, a likitar Cadawa. Gashi cike da kai, yatsu dogaye, murya kuwa kamar ɗan kamasho a tashar Agiye. Da aka dawo da su gida uwarka ta ɗora mini shi bisa cinya, na sa masa yatsa ya damƙe ya ƙi saki. Na ce to, ga wanda zai ƙwace mini tsohuwata ya iso, ido bai gama buɗewa ba ya fara kokawa da ni. Uwarka ta ce ai gara shi, ko ba komai ba shi da tari.

Murna ta sa na faɗo gida ba sallama. Assalamu alaikum, ɗana. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya a Yamai, kai da malamanka da waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Allah ya tsare ka a baƙon wuri, ya tsare ka daga ciwo da mugun aboki. Ƙanwarka Hadiza za ta ɗauki hoton takardar ta aiko maka ta waya. Na ƙi faɗin abin da ke cikinta da baki, don in na ji muryarka sai in yi ta gaisuwa har maganar ta tsere. Rubutuna ka san shi, na lakol ɗin yamma ne, makarantar manya, wanda na koya da gemu a fuskata. Ka yi haƙuri da layin da ya karkace.

Tun jiya nake dariya, kuma tun jiya wani abu ke damuna. Yatsun yaron nan na Illa ne, baban Rabi, surukinka da ba ka samu ka durƙusa masa ba. Ina ganinsu na gane su.

Ranar da za ka tafi, muna jiran mota ta cika, ka gaya mini karatun dokta da za ka yi a kan yadda ake tafiyar da mangazar hatsi ta ƙauye ne, wadda ma'aikata ke kira bankin cimaka. Ka ce malamanku sun kafa sharaɗi, kowane ɗalibi sai ya haɗa kai da masu yin aikin da hannunsu, kada ya tsaya ga littafi. Na ji daɗin wannan. Sai ka ce kai ka riga ka sami naka, wani darakta a buron furoje, wato ofishin masu aikin raya karkara, can Yamai, ƙauyuka kuwa takardun tambaya za ka aika musu su cika. Sannan ka ƙara da cewa, “Baba, abu ɗaya dai an gama magana a kansa, tsarin kwaɗo uku. Kowa ya yarda yana aiki. Har da garinmu ake ba da misali.”

Mota ta cika, na ce Allah ya kiyaye hanya. Na dawo gida na kasa cin tuwo. Abin da ban gaya maka a tasha ba, shi zan rubuta yanzu. Ba asiri ba ne. Duk mai furfura a garin nan ya san shi, ba a dai faɗi ne.

Lokacin da furoje ya gina mana mangaza kana ƙarami, kana lakol a Agiye wajen kawunka. Tsarin mai kyau ne: da kaka a tara hatsi a rufe, da damina in rumbuna sun ƙare a buɗe a auna wa mutane, su samu ƙarfin noma gonakinsu. Don kada mutum ɗaya ya ci amana, aka ce ƙofa kwaɗo uku, mabuɗi uku, a hannun mutum uku daga unguwa daban-daban, kuma ba a buɗewa sai duk suna tsaye. Ɗaya aka ba ƙanen maigari. Ɗaya aka ba ni, don ni kaɗai na iya karanta takardar dokar, aka naɗa ni sakatare. Na uku aka ba Agali na unguwar Buzaye, don kada a ce an yi abin gari an bar su a baya. Agali mutumin kirki ne. Ya ɗinke mabuɗin cikin fata ya rataya tare da layunsa.

Amma Agali shi ke kora shanun gari arewa duk shekara in an yi shuka, don kada su shiga gonaki. Kowa ya san haka ranar da aka ba shi. Shekarun farko ba a ji komai ba, saboda muna buɗewa kafin ya tashi. Sai shekarar da fari ya ci mu, ciyawa ta ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba, shanu suka fara faɗuwa, dole ya tashi da wuri. Na tarar da shi bakin rijiya yana ɗaure kaya bisa jaki. Ina kallon igiyar a wuyansa. Na ce, “Agali, za a tafi?” Ya ce, “Za a tafi, Sakatare, in ba haka ba sai fatu za mu raba.” Na ce Allah ya kai lafiya. Na juya.

Ka san halinmu. Abin da aka damƙa wa mutum a gaban jama'a, ba ka cewa ya kawo a ajiye, ko da na kwana kaɗan ne. Kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne, kuma da yake Buzu ne, maganar ba za ta tsaya kansa shi kaɗai ba, unguwarsu duka za ta ji. Shi ma ba zai miƙo da kansa ba, kada a ce ya yar da amana. Haka mabuɗi ya bi shanu, ni da shi muna kallon juna cikin ladabi. Wannan kuskurena na fari. Waɗanda suka tsara kwaɗo uku sun yi tunanin ɓarawo, kuma sun yi daidai. Ba su yi tunanin kunya ba, don ba su zauna da mu har su ga irin ɓarnar da take yi ba. Kai in za ka rubuta yadda ake tafiyar da abin jama'a, ka nemi abin da mutanen wurin ba sa iya faɗa wa juna. Nan tsari ke karyewa. Ba ya cikin takardar doka, kuma ba wanda zai rubuta maka shi a takardar tambaya.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, hatsi ya tsiro da kyau. Rumbuna kuwa sun daɗe da zama fanko. Mutane suka fara taruwa ƙofar mangaza da safe, mata da ƙorai, maza tsaye a nesa kamar wucewa suke. Muka buɗe kwaɗo biyu, na uku ya tsaya. Muka aika mutum arewa ya nemo Agali, a lokacin ba waya a hannun kowa, makiyayi kuma ba shi da ƙofar gida da za a tambaya.

Illa abokina ne tun muna kiwon awaki. Ya zo da guduma a hannu, bai ɗaga ta ba, ya riƙe ta a gefe. Ya ce, “Sakatare, hatsin nan namu ne ko na takarda?” Na ce namu ne. Ya ce, “To matsa.” Na fito da takardar na karanta masa, a gaban mutane, da muryar da na koya wajen malaminmu na lakol ɗin yamma: ba a buɗewa sai mutum uku suna tsaye, wanda ya fasa za a kai shi ga jandarma, furoje kuma zai janye hannunsa daga garin. Ya yi dariya, ya ce, “Da muka tura ka koyon karatu, mun ɗauka ido za ka zama mana. Ashe kwaɗo na huɗu muka saya.” Ya tafi da gudumarsa. Ba wanda ya taya shi, don ni na iya karatu, su ba su san abin da takardar za ta iya yi musu ba.

Ina so ka gane abin da ke zuciyata a ranar. Tsoro akwai, amma ba shi ne babba ba. Daɗi nake ji. Mutumin da ya girma ana karanta masa wasiƙarsa, yau gari duka ya yi shiru yana sauraron bakinsa. Takardar ta fi ni girma a idona, har na manta mutane ne irina suka rubuta ta, a wani buro, kuma da suna tsaye wurin da su za su fara cewa a fasa.

Lokacin noman fari ya zo, lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa. Wanda ba abinci a gidansa ba ya noma gonarsa, ta wani yake nomawa don a ba shi tiyar hatsi. Illa ya jinginar da gonarsa ga wani ɗan kasuwa a Cadawa, ya tsallaka Nijeriya ƙwadago. Gonar ba ta dawo ba. Da kaka ta zagayo ya kwashe iyalinsa. Can ciwo ya same shi, can aka rufe shi, uwar Rabi ta dawo da ita wajen 'yan'uwanta tana 'yar ƙarama. Ban ce kwaɗo ne ya kashe Illa ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma kwaɗo ne ya fitar da shi daga garin ubansa, ni kuma na tsaya a gaban kwaɗon. Wannan kuskurena na biyu.

Kai yanzu karatunka ya fi nawa nesa ba kusa ba. Abin da za ka rubuta, wata rana wani sakatare mai rabin karatu irina zai tsaya da shi ƙofar mangaza yana karanta wa masu yunwa. Ka rubuta kana tuna shi. Duk dokar da za ka ba da shawara a kafa, ka rubuta kusa da ita ranar da ya halatta a karya ta, da wanda zai ce a karya. Mu ba a bar mana wannan layin ba.

Da saƙo ya iske Agali, ya bar shanu hannun ƙanensa ya biyo motar kasuwa. Ya iso fuska duk ƙura, ya farke fatar da haƙori, ya buɗe. Sannan ya dubi kwaɗon, ya dube ni, ya ce, “Ƙarfen nan ko akuya ta tunkuye shi sai ya saki. Ku nawa ne a garin nan?” Ya kamo hannuna ya sa mabuɗin ciki, ya ce, “Riƙe. Ba ni ƙara rataya abin da zai kashe mutane ina can ina kiwo.” Hawaye na zuba cikin rawaninsa. Da yamma ƙanen maigari ma ya kawo nasa, ya ce tunda ni ne mai takarda, in haɗa.

Tun ranar, Salisu, mabuɗan nan uku igiya ɗaya suke, a wuyana, ƙarƙashin riga. Ka sha ganin igiyar, na san layu ka ɗauka. Amma dokar furoje tana nan, kuma ba ma so a ce an ƙwace wa unguwar Buzaye girmanta. Don haka ranar buɗewa, in an fito sallar asuba, mu uku mu zagaya bayan masallaci, in kwance igiya in ba kowa nasa. Mu zo gaban jama'a kowa ya buɗe kwaɗonsa, a yi addu'a, a auna hatsi. In an watse su dawo mini da su. Kai ma ka sha tsayawa kana kallo in ka zo hutu. Abin da ka gani mutum uku ne da mabuɗi uku, kuma idonka bai yi maka ƙarya ba.

Kuskure na uku shi ne wanda ya zagayo ya same ni a bakinka. Bayan wasu shekaru wata ɗaliba ta zo, irin karatun da kake yi yanzu take yi. Mota ta kawo ta da hantsi, direba bai ko kashe inji da kyau ba. Aka shimfiɗa tabarma ƙofar maigari, aka ba ta kujera, aka tara komite, Agali na zaune kusa da ni. Ta tambaya ko tsarin kwaɗo uku yana aiki. Na ce yana aiki ƙwarai. Yarinyar ba wawuya ba ce, ta ɗago ta ce, “Ba a taɓa samun matsala ba, Baba?” Agali ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Me zan ce? In tona shi a gaban baƙuwa, ko in tona kaina a gaban maigari, ko in sa a ce garinmu ya karya doka a janye mana mangaza? Na ce, “Sai 'yan ƙanana, irin na yau da gobe.” Ta rubuta. Aka kawo mata fura ta kurɓa don ladabi, kafin azahar sun kama hanyar Gazawa.

Ban san abin da ta yi da amsata ba. Na dai san wata rana a kasuwar Cadawa na haɗu da wani mutumin wajen Sae Sabuwa yana sayen kwaɗo uku. Na tambaye shi, ya ce mangaza aka gina musu, ma'aikata sun ce a ƙasar Agiye an gwada an ga amfaninsa. Na taya shi zaɓen masu ƙarfi. Sai kuma ga ɗana, a tasha, yana gaya mini har garinmu ake ba da misali.

Ban ga laifin yarinyar ba. Tambaya mai kyau ta yi, a wurin da ba a iya amsa ta. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Gaskiya ne, amma ba ya nuna wa baƙon da ya zo da hantsi zai tafi da azahar. Takardun tambayarka in sun iso garin nan, ni za a kawo wa in cika, kuma na san abin da hannuna zai rubuta, ko da na san kai ne za ka karanta. Daraktanka na Yamai ban raina shi ba, ya san abubuwan da ban sani ba, ka riƙe shi. Amma rahoton da ke bisa teburinsa, irina ne suka aika masa.

Saboda haka in ka zo wuri, ka sallami mota. Kada ka yi tambaya a tabarmar maigari. Ka bi mutum gona, ka karɓi hauya ko da za su yi maka dariya, za su yi kuwa. Kada ka ce “yana aiki?”, don ba Bahaushen da zai ce wa baƙo abin garinsu ba ya aiki. Ka ce bara wace rana aka buɗe, wa ya fara isowa, wa bai zo ba. Ka je gidan wanda bai zo ba. Kuma abin da ka rubuta a kanmu, kafin ka tsaya gaban malamanka ka kare shi, ka zo ka karanta mana da Hausa, mu fara ji. In mun yi shiru da yawa, ka san akwai gyara.

Akwai abin da ka riƙe ni da shi, ko da ba ka faɗa ba. Ranar da ka gama digirinka na biyu ka aiko mini har da kuɗin mota, ban zo ba. Uwarka ta ce ka tsaya bakin ƙofar zauren kana leƙen hanya. Na ce maka ƙafa ce ke ciwo. Damina ce, Salisu. Tun shekarar Agali ban kwana wajen garin nan ba daga shuka har sabon hatsi ya shigo. Mabuɗi bai ƙara tafiya ko'ina ba, ni ma haka.

Kada ka ɗauka ina cewa dabararmu ta fi ta masu karatu. Ba tsari ba ne wannan, ɗinkin gaggawa ne da ya daɗe a jiki. Da na so in ci amana, ba mai hana ni. In na faɗi ciwo da damina aka kai ni Maraɗi, mun koma gidan jiya. Idona ya fara hazo, bara sai da aka kama mini hannu na sami ramin kwaɗo. Na nemi mai karɓa. Agali ya rasu, ɗansa ke tsayawa a madadinsa ranar buɗewa, na ce masa ya riƙe nasu gaba ɗaya. Ya ce, “Baba, abin da ya sa ubana kuka ba ni kwana da shi.” Samari kuwa da rani duk suna hanya, mai zuwa Agadas, mai tsallaka iyaka, ba mai son igiyar da za ta ɗaure shi. In na mutu haka, mangazar za ta bi ni. Mun san inda abin ke ciwo, maganin ne ba mu da shi. Ku da kuke karanta yadda aka yi a ƙasashen da ba mu taɓa ji ba, watakila wani wuri sun sami hanyar da ba ta bar ɓarawo ya shiga ba, ba ta kuma ɗaure mutum ɗaya har ya tsufa ba. Wannan ita ce tambayar da nake ba ka, in malamanka za su karɓe ta. Amma ba ta amsuwa daga Yamai. Sai ka zo ka zauna daga ruwan fari har a ci sabon hatsi.

Sunan yaro hakkinka ne. Roƙo nake, a sa masa Isma'ila, sunan Illa na yanka. Rabi tun da ta shigo gidan nan take durƙusawa ta ba ni ruwa, ba ta taɓa nuna mini ta san komai ba. Uwarta kuwa har yau in za ta rijiya sai ta zagaye, ba ta bin ƙofar mangaza. Jiya ta zo ganin jika, muka haɗu a zaure, ta ce, “Sakatare, mun samu.” Na ce mun samu. Rabon da ta kira ni da wannan suna tun Illa na da rai.

Allah ya raya shi, ya sa ya fi kakanninsa duka biyu sa'a. Allah ya ba Rabi lafiyar shayarwa. Kai kuma Allah ya buɗa maka karatu, ya tsare ka a hanya, ya kawo ka gida lafiya ya mayar da kai lafiya. Uwarka na gaishe ka, ta ce ka taho da rigar sanyi ta jariri, ta nan kasuwa ba ta yi mata ba. Ni ne mahaifinka.

Suna ranar Laraba. Na yanke shawara, in an shafa fatiha an raba goro, zan cire igiyar nan daga wuyana in ajiye ta bisa tabarma a gaban kowa, in faɗi yadda muke yi, maigari na zaune. Abin da zai biyo baya ban sani ba, mai yiwuwa furoje ya yi fushi, mai yiwuwa gari ya yi. Ina so kana wurin. Ka taho da malaminka, ka taho da daraktan, da duk ɗalibin da ke da irin tambayarka. In wani ya san inda yarinyar nan mai kujera take yanzu, a gaya mata ina da sauran amsa. Gida ba shi da girma amma akwai inuwa, rago kuma na riga na ɗaure shi. Ku zo duka. Ku zo ku ga yaro mai yatsun Illa, ku ga mabuɗai uku a igiya ɗaya.